Daga Bakin Allo: Mun Tashi a Gindin Dutse, Amma Ba Mu San Shi Ba

'Yan aji shida da ke ta fama da shirin jarrabawa, Allah Ya ba da sa'a.

A makon nan na yi niyyar ci gaba da bayanin da muka faro a kan tsara lokacin bita, sai wata wasiƙa ta sa na jingine shi. Wata ɗaliba ce 'yar aji biyar ta rubuto daga Tsafe. Ta ce ta je hutu Kano wurin gwaggonta, 'ya'yan gidan suka kai ta Dutsen Dala, suka hau har sama suna ta nuna mata unguwannin birni. Da suka sauko sai ɗaya daga cikinsu ya ce mata, "To ku me kuke da shi a Zamfara in ban da zinare da 'yan bindiga?" Ta ce, "Wallahi Malam na buɗe baki zan ba shi amsa, na rasa abin da zan ce."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Yarinyar da kullum in ta fito tafiya makaranta duwatsun Tsafe ne ke fara yi mata sallama, wadda ba za ta shiga Gusau ba sai motarsu ta ratsa ta gaban Dutsen Kwatarkwashi, ita ce ta tsaya a gindin Dala ta rasa abin faɗa. Ban ga laifinta ba. In akwai mai laifi, mu malamai ne, kuma ni ne na farko. Na yi shekaru ina koyar da darasin Labarin Ƙasa a wata makaranta da in ka leƙa ta taga za ka hango dutse. Duk shekara sai na kwafo hoton irin wannan dutse daga littafi na zana a allo, na rubuta sunansa na Turanci, yara su haddace, su ci jarrabawa. Ban taɓa cewa su juya su dubi taga ba. Sai da wani yaro ya ɗaga hannu wata rana ya ce, "Malam, ashe ba irin na bayan ajin nan ba ne?" Ranar na ji kunya ƙwarai.

To bari mu juya mu dubi tagar yau.

Wanda ya taso daga Funtuwa zai shiga Gusau, tun daga wajen Tsafe zai fara ganin ƙasa shimfiɗe, gonakin dawa da gero da auduga, sai kwatsam ga dutse ya taso shi kaɗai kamar an kife ƙwarya. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu. Masana suna kiran irin wannan dutse da wata kalmar Jamusanci, insalbag, ma'anarta dutsen da ya yi kama da tsibiri. Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar Naira 100 ɗan gidansu ne, haka Kufena ta Zariya. Jikin yawancinsu kuwa wani dutse ne mai tsananin tauri da ake kira giranit.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, dutsen nan da kuke gani yana taɓo sama, a can ƙarƙashin ƙasa aka yi shi. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manya-manyan ɓangarorin ƙasa suka yi ta matse juna a wannan yanki na Afirka. Matsi da zafi suka narkar da dutse a can ƙasa, nisan kilomita masu yawa, ya zama kamar kunu mai kauri. Narkakken nan bai fito waje ya yi aman wuta ba. A can ya tsaya yana hucewa a hankali, shekara dubbai bisa dubbai. Duk abin da ya huce a hankali kuwa ƙwayoyinsa sukan samu sararin girma. Shi ya sa in ka ɗauki tsakuwar giranit ka duba da kyau za ka ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyi masu haske kamar gilashi, su ne ƙanƙarar dutse. Akwai masu launin fari ko ja-ja, masana na ce musu falsifa. Akwai kuma baƙaƙe masu ƙyalli da kan ɓare kamar ɓawon albasa, su ne maika. Ku gwada a kan tsakuwar da aka zube a wurin gini, za ku gani da idonku.

To ya aka yi ya fito fili? Ruwa ne da haƙuri. Ruwan sama yana ratsa ƙasa yana ruɓar da dutse, musamman inda yake da tsaga da yawa. Damina bayan damina, ruwa yana kwashe abin da ya ruɓe yana zubawa a rafuka. Inda dutsen yake dunƙule babu tsaga sosai, sai ruwa ya kasa cin sa. A haka ƙasar da ke kewaye ta yi ta raguwa, shi kuma ya rage a tsaye. Ke nan Dutsen Kwatarkwashi ba tsirowa ya yi ba, tone shi aka yi. Duk sararin da ke tsakanin kansa da titin mota, da can cike yake da ƙasa da dutse.

Kuma aikin bai tsaya ba har yau. Wanda ya taɓa zuwa gindin irin waɗannan duwatsu ya ga manyan falle-falle da suka ɓare daga jikinsu suka zamo ƙasa. Dutsen da aka sauke wa nauyin da ya danne shi yakan saki jiki ya tsage, zafin rana da sanyin dare kuma su ƙara masa. Falsifar da ta ruɓe ita ke komawa yumɓun da ake gina tukunya da tulu. Ƙanƙarar dutse kuwa ba ta ruɓewa da sauƙi, sai dai ta farfashe ta zama yashi. Yashin nan da tifa ke ɗebowa daga Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bungudu, tsohon dutse ne da ya sha duniya.

Na san wani zai ce, Malam wa ya ƙirga shekara miliyan 600? Tambaya ce mai kyau. A cikin giranit akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira zakon, masu ɗauke da ɗan sinadarin yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Yuraniyom yana rikiɗewa ya koma dalma a hankali, da saurin da masana suka auna suka sani. In aka auna nawa ya rikiɗe, nawa ya rage, sai a lissafa shekarun ƙwayar. Agogo ne da Allah Ya saka a cikin dutse.

Ga aikin gida ga masu son lissafi. Ku ɗauka cewa shekara miliyan 600 ɗin nan kwana ɗaya ce, awa 24. Kwana ɗaya daƙiƙa 86,400 ne. Ku raba. Za ku ga kowace daƙiƙa ɗaya ta tashi kusan shekara 7,000. Wato daga jihadin Shehu Usmanu na 1804 zuwa yau bai kai ƙiftawar ido ba a rayuwar dutsen nan, balle 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko za a iya samun ƙasusuwan dabbobin dauri, irin su dainoso, a duwatsun Tsafe. Amsa ita ce a'a. Abin da ya taɓa narkewa ba ya ajiye ƙashi, kuma giranit ɗinmu ya girmi dainoso na farko da shekara fiye da miliyan 300. Amma in ka bi hanyar Sakkwato ka yi nisa, sai ƙasa ta sauya. Duwatsu masu kan ƙwarya su ɓace, a shiga ƙasar da aka shimfiɗa hawa-hawa. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, teku ya taɓa malalowa ya rufe wani yanki na ƙasar Sakkwato. A wajen Dukamaje an tono ƙasusuwan dabbobin ruwa, har aka raɗa wa wani ƙaton mai rarrafe na teku suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, a ƙarƙashin wannan teku ya taru. Ku duba fa, simintin da aka gina ajinku da shi wataƙila ragowar halittun teku ne, tsakuwar da aka cakuɗa da shi kuma ta fito daga cikin wutar ƙarƙashin ƙasa.

Sanin wannan ba don cin jarrabawa kaɗai ba ne. Ku tambayi iyayenku me ya sa a wasu unguwannin Gusau za a haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, maƙwabci ya haƙa ya tarar da dutse ƙeƙasasshe, kuɗinsa ya tafi a banza. Giranit ba ya shan ruwa kamar soso. Ruwa yana maƙalewa ne a cikin tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen saman da ya lulluɓe shi. Wanda ya dace da tsaga ya samu, wanda ya kauce ya rasa. Wannan ne ya sa ake kiran masana su yi awo kafin a kafa inji. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake samun maɓuɓɓuga a gindin dutse irin na Kwatarkwashi: ruwan da ya sauka a kan falalen dutse ba shi da wurin shiga sai tsaga, ya bi ta ya ɓullo a ƙasa.

Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san shi. Dutse yana ba da ruwa, yana ba da mafaka, daga samansa ana hango mahara tun suna nesa. Shi ya sa tsofaffin garuruwa da yawa na ƙasar Hausa a jikin dutse suka kafu: Dala a Kano, Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, Kwatarkwashi a nan. Dattawan Kwatarkwashi suna ba da labarin zaman da mutane suka yi a jikin dutsen kafin gari ya sauko fili, da kuma bikin kamun maiki da aka san garin da shi. Nan kusa da Tsafe kuma ga 'Yandoto, wadda tun kafin jihadi ta shahara da malamai da almajirai masu zuwa daga nesa, har yau sarautar Tsafe sunanta take ɗauke da shi. Duk wannan yana cikin abin da 'yata ta Tsafe za ta iya gaya wa ɗan gwaggonta.

Sai mu zo kan zinaren da aka yi mata gori da shi. A tsakanin duwatsun giranit akwai wasu dogayen zirin duwatsu masu falle-falle kamar shafukan littafi, waɗanda masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu: zirin Anka, zirin Maru, zirin Wonaka. Duk ɗalibin da ya karanta ilimin duwatsu a kowace jami'a ta ƙasar nan sai ya haddace sunayen nan. A jijiyoyin ƙanƙarar dutse da suka ratsa irin waɗannan zirin ne ake samun zinare, a wajen Maru kuma akwai dutse mai tama. Sai dai a wasu wuraren zinaren yana tare da dalma. A 2010, lokacin da da yawanku kuna goye ko ba a ma haife ku ba, aka wayi gari yara suna ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Mutane suna kawo dutsen gida ana dakawa a tsakar gida, ana niƙawa a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta cika ɗakuna, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Sai da ƙungiyar Likitoci Na-Gari Na-Kowa da wasu masana suka shigo aka yi ta magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin dutsen da ke hannunsu. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Tunda aiki ya dawo, wannan sani ya zama dole a kanku, musamman waɗanda 'yan uwansu ke zuwa wurin haƙa.

Yanzu me ke barazana ga su duwatsun? Mutum zai ce ai dutse ba ya ciwo. Yana yi. Abin da ruwa ya kasa ci a shekara miliyoyi, nakiya da injin fasa dutse suna cinye shi a shekaru kaɗan. Ba ina cewa a daina fasa dutse ba. Muna son titi, muna son gada, muna son ajujuwa, kuma akwai magidanta da mata da yawa da abincinsu ke fitowa daga fasa tsakuwa da guduma. Abin da nake cewa shi ne a zaɓa. Jihar nan ba ta rasa dutse ba. Akwai wanda in an fasa shi ba a yi asarar komai ba sai dutse. Akwai kuma wanda ke ɗauke da kufan gari, ko maɓuɓɓugar da ake sha, ko sunan da gari ke amsawa. Irin wannan in ya tafi ya tafi ke nan. Itacen da aka sare ana iya dasa wani, amma ba a dasa dutse.

Akwai kuma ƙananan ɓarna da mu da kanmu muke yi. Fentin tallan 'yan siyasa da na masu magani a fuskar dutse. Samari masu rubuta sunansu da na 'yan matansu (na ga wani har lambar waya ya sa, ko wa yake jira ya kira shi oho). Sare itatuwan da ke riƙe da ƙasar gindin dutse don gawayi, damina ta zo ruwa ya gangaro da ƙarfi ya yanka kwazazzabo a cikin gonaki. Da ledojin da ake zubarwa a bakin maɓuɓɓuga.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa dutse ma kayan gado ne kamar ganuwa da tsohon masallaci. A Ingila akwai ƙungiyoyin sa-kai a gundumomi da ke bi suna rubuta wuraren duwatsu masu muhimmanci a rajista su miƙa wa hukumar tsara gari, don kada a ba da izinin ɓata su cikin rashin sani. A 2015 hukumar UNESCO ta fito da wani tsari na karrama yankunan da suka kare duwatsunsu suna koyar da yara da su, suna kuma samun kuɗin baƙi. M'Goun ta ƙasar Maroko tana ciki, haka Ngorongoro-Lengai ta Tanzaniya da ta shiga a 2018. A gida Najeriya, Dutsen Olumo na Abeokuta an yi masa matakala, ana yankar tikiti, matasa suna cin abinci da yi wa baƙi jagora. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, zanen mutanen dauri da ke jikin duwatsu yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ba zan ruɗe ku ba, baƙo ba zai zo kallon dutse a inda ake tsoron hanya ba. Mu da muke bin hanyar Tsafe mun san halin da ake ciki. Saboda haka ku ji ni da kyau: ban ce kowa ya ɗauki jaka ya nufi dutse ko daji ba. Kada wanda ya je ko'ina sai da izinin iyaye da rakiyar malami, kuma sai inda mutanen gari suka tabbatar lafiya lau ne. Amma rashin tsaro da kansa yana cikin abin da ya sa nake wannan rubutu. Ƙauyuka da yawa sun watse, tsofaffin da suka san sunan kowane dutse da kowane kogo suna zaune a Gusau da Tsafe da Bungudu a gidajen 'yan uwa, wasu suna rasuwa da abin da suka sani. Ranar da zaman lafiya ya dawo, in Allah Ya yarda, dutsen yana nan, amma wa zai faɗi sunansa?

Wannan aikin kuwa kuna iya yin sa daga tsakar gida. Ku samu littafi mai shafi 40. Ku zauna da kaka ko wani dattijon unguwa ku tambaye shi duwatsun garinku na asali: sunan kowanne, dalilin sunan, ko akwai ruwa a jikinsa, ko yana ƙafewa da rani, ko an taɓa zama a kai, wane tsuntsu ko dabba ake gani a da da yanzu babu. Ku rubuta da Hausa yadda ya faɗa, ku sa kwanan wata. Wanda ake hango dutse daga gidansu ko makarantarsu ya zana shi, ko ya ɗauki hoto da wayar yayansa. In ajinku ya haɗa littattafai 30, kun yi rajistar da za a iya ɗauka a kai wa hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma a ce ga waɗanda muke roƙo a bar mana.

Ku kuma roƙi malamin Labarin Ƙasa ko na Kimiyya ya ba ku lungu ɗaya a aji ku jera duwatsun da kuka tsinta a hanyar makaranta: giranit, farar ƙanƙara, jar marmara, dunƙulen dutsen rafi mai sulɓi. Kowanne a manna masa takarda da inda aka samo shi. Ƙanƙarar dutse tana karce kwalba, ƙusa kuma ba ta karce ta. Farin dutsen siminti in aka kankare shi aka ɗiga masa ruwan lemun tsami yakan yi 'yan kumfa, giranit ba ya yi. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa: kada a kawo dutse daga ramin haƙar zinare, kada a daka, kada a lasa, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa. Masu sha'awar abin ya zama sana'arsu, ana karanta ilimin duwatsu a jami'o'inmu, har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, amma sai an riƙe Lissafi da Fiziks da Kemistiri da kyau tun yanzu.

Ke kuma 'yata ta Tsafe, in kin koma Kano hutu mai zuwa, ki tafi wa ɗan gwaggonki da tsakuwar giranit guda ɗaya daga ƙofar gidanku. Ki ba shi ya riƙe, ki ce ya faɗi shekarunta.

Waɗanda suka fara rajistarsu su aiko mini da shafin farko ta hannun editan wannan fili, tare da sunan makaranta da aji. Zan buga guda uku a fitowa ta biyu bayan wannan. Mako mai zuwa kuma za mu koma kan tsara lokacin bita, da yardar Allah.